Malam-buɗe-littafi biyu masu ruwan goro, ya zan bambanta su?

Tambaya daga wata ƴar'uwa a Aboabo, Kumasi: "Malam, na ɗauki hoton malam-buɗe-littafi guda biyu a bayan gidanmu, duka ruwan goro da baƙin baki da farin ɗigo-ɗigo, amma yarona ya ce malaminsu ya ce ba iri ɗaya ba ne. Da gaske?"

Ƙanwata wallahi malamin nan ya yi gaskiya, kuma na ji daɗin tambayar sosai don ni kaina waɗannan biyun ne suka fara sa ni son wannan ilimi.

Na farkon sunansa Danaus chrysippus, tun yana tsutsa ganyen tumfafiya da danginta masu farin ruwa yake ci, dafin ya zauna a jikinsa, shi ya sa tsuntsun da ya taɓa cin ɗaya ba ya ƙarawa, kuma za ki ga yana tashi a hankali abinsa ba ya tsoron kowa. Na biyun mace ce ta Hypolimnas misippus, ita ba ta da wannan dafin, kamanninsa kawai ta ara don tsuntsaye su ƙyale ta. Wani Bature ɗan Ingila, Bates, shi ya yi bayanin wannan dabara a 1862.

To ki buɗe hoton ki ƙara girmansa, ki bar fiffiken gaba, can ne suke rikita mutum. Na baya za ki duba. Mai dafin yana da ƙananan baƙaƙen ɗigo uku a tsakiya, in namiji ne huɗu, na huɗun ya fi girma kamar ɗan kumburi. Mai aron kuwa ɗigo ɗaya tal, can wajen gefen sama, sannan bakin fiffikenta yana da lanƙwasa-lanƙwasa kuma baƙin layin ya fi faɗi. A nan Yammacin Afirka mai dafin yawanci fiffikensa na baya fari ne, amma kar ki dogara da wannan kaɗai don wasu matan masu aron ma suna da farin, ɗigon dai ki ƙirga.

Namijinta kuma ba ruwansa da wannan kama, baƙi ne wuluk da manyan fararen tabo kamar ƙwai, zagaye da shuɗi mai sheƙi.

In kin samu dama ki kai yaron dajin Bobiri, ta Kubease a hanyar Accra bayan Ejisu, akwai iri kusan 400 a wurin, ku je da hantsi lokacin da suke buɗe fukafukai suna shan rana.