Amsa: sabon bawul ɗin hayaki ya sake ƙonewa

Ɗan'uwa, ka ce an sa wa Corolla ɗinka mai injin 1ZZ sababbin bawul na hayaki daga Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, ɗaya ya sake ƙonewa. Ina zargin tazarar bawul, wato ɗan giɓin da ke tsakaninsa da kamshaf mai danna shi, ita ce ta matse ta hana shi rufewa. Bawul ɗin hayaki sai ya zauna daram a mazauninsa yake sauke zafi. In bai rufe ba, wuta ta ci gefensa.

A auna tazarar inji na sanyi: hayaki 0.25 zuwa 0.35 mm, shan iska 0.15 zuwa 0.25. Injin nan ba shi da noti na gyara, kofin da ke kan bawul ake canzawa da mai kaurin da ya dace. Kar makaniki ya goge shi da dutse, wannan aika-aika ce. Kafin a ɗaura kan injin, a zuba kananzir a ramin da bawul ɗin ke rufewa. In ya tsatso, bawul bai zauna ba.