Amsar tambayar ƙunshiyar firojek

Salamu alaikum jama'a. Ƙanwata, na saurari saƙonki, kin ce tunda malaminki ya sa kika ƙara bayani a babi na biyu, lambobin shafin da ke ƙunshiya suka daina dacewa. To ni abin da na fahimta, da hannu aka buga ƙunshiyar nan, ɗigo-ɗigo har ƙarshen layi sannan lamba. Ko ba haka ba?

Ki bar wannan wahalar. Ki je kan taken kowane babi a Word, ki danna Ctrl da Alt da 1, ya zama Heading 1. Ƙananan take irin su 2.1, 2.2 ki ba su Heading 2. Daga nan ki shiga References, ki zaɓi Table of Contents, da kansa zai jero komai da lambarsa. Duk sanda kika ƙara rubutu, ki taɓa ƙunshiyar ki danna F9, shi ke nan.

Abin da ke ƙona min rai wallahi, masu buga aiki a shago ne. Akwai wani da ƙanena ya kai wa aikinsa, shafi sama da ɗari, in zai shiga sabon babi sai ya yi ta dukan Enter har sai rubutun ya gangara shafi na gaba. Yaro ya goge layi ɗaya a gabatarwa, sai ga "Babi Na Uku" a tsakiyar shafi, na huɗu ya maƙale a ƙasa. Kuma mai shagon ya karɓi kuɗinsa cif! Ctrl da Enter fa kawai zai danna. Har yau in na tuna...

To bari dai. Au, tsaya, wajen babi na ɗaya kar ki yi Ctrl da Enter ɗin. Tunda shafukan sadaukarwa da godiya i, ii, iii ake so, a nan Layout za ki shiga, Breaks, ki ɗauki Next Page. Sai ki shiga wurin lambar shafin babi na ɗaya, ki kashe Link to Previous, wato abin da ke haɗa wurin da na shafukan baya, ki sa ta fara daga 1.

Ki buɗe Navigation Pane kuma a View, za ki ga takenki duka a hagu, har jan sashe guda ake yi a sauya masa wuri. In ya ƙi, turo min hoton allon bayan la'asar.