Yawon Fatalwa a Tsohon Garin Edinbura: Tambayoyinku da Amsoshinmu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatun digiri na biyu a Edinbura, babban birnin Scotland. Kullum da yamma idan na biyo ta titin Royal Mile sai in ga wasu sanye da baƙar alkyabba, riƙe da fitila, suna tara jama'a wai za su kai su yawon fatalwa. Me ake yi a wannan yawon, ina ake zuwa, kuma nawa ake biya? Ɗalibarku daga Edinbura.

Amsa: Wa alaikis salam, 'yar'uwa. Masu alkyabbar nan 'yan jagora ne, kamfanonin yawon buɗe ido suke yi wa aiki, alkyabbar kuma kayan sana'a ce kawai. Yawanci ana haɗuwa a gefen majami'ar St Giles, wajen ginshiƙin da ake kira Mercat Cross. Jagora ya duba tikiti, ya ƙirga mutanensa, sannan a kama hanya a ƙafa. Yawon yakan ɗauki awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, kuɗin babba kuma yakan kama daga fam 15 zuwa 25, gwargwadon kamfani da wurin da za a shiga. Akwai wanda ake tallatawa da sunan kyauta. Kyauta a baki ne: jagoran da abin da aka miƙa masa a ƙarshe yake ci, don haka ki tafi da 'yan kuɗi a hannu, kuma ki sani irin wannan yawon a kan titi yake ƙarewa, ba ya shiga wuraren da ke kulle.

Wurare uku ne ginshiƙin harkar. Na farko ɗakunan ƙarƙashin gadar South Bridge. An kammala gadar a 1788 a kan baka 19, amma ɗaya tak ake gani daga waje, sauran gidaje sun rufe su hagu da dama. Cikin bakunan aka yanka ɗakuna aka ba 'yan kasuwa da masu sana'a. Da yake ba a yi wa gadar abin da zai hana ruwa tsatsafowa ba, danshi ya kori masu shagunan, talakawan da ba su da wurin kwana suka maye gurbinsu, daga baya aka cike wurin da ɓaraguzai aka manta da shi sai wajen shekarun 1980 da aka sake tono shi. Na biyu Mary King's Close, wani tsohon lungu da aka sare saman gidajensa aka ɗora babban gini a kai a 1753, ginin da yanzu majalisar birni take ciki. An buɗe shi ga masu ziyara a 2003, kuma shi kamfani ɗaya ne ke riƙe da shi, da tikitinsa daban. Na uku maƙabartar Greyfriars. Tikiti ɗaya ba ya haɗa ukun, saboda haka ki karanta bayanin kafin ki biya. Nan ne mutane suka fi yin kuskure: a sayi tikitin maƙabarta ana tsammanin za a sauka ƙarƙashin ƙasa.

Tambaya: Malam, ɗana ya je wannan yawon ya dawo yana ba mu labarin wai an taɓa toshe lungu guda da masu annoba a ciki da ransu, kuma wai wasu mutum biyu suna tone kaburbura suna sayar da gawa. Gaskiya ne ko ƙarin gishiri? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Alhaji, akwai gaskiya akwai gishiri, kuma gishirin ya fi yawa a labarin farko. Annoba ta auka wa Edinbura a 1645, ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa, wannan ba shakka. Amma ba a gine ƙofar lungun Mary King, wanda ake jingina wa labarin, da mutane a ciki ba. Abin da aka yi shi ne killacewa: gidan da cuta ta shiga sai a rataya farin ƙyalle a taga, a riƙa kawo musu abinci da gawayi bakin ƙofa, likitan annoba yana zagayawa. Hujja mafi sauƙi ita ce lungun ya ci gaba da zama da mutane fiye da shekara ɗari bayan annobar, har mazauninsa na ƙarshe, wani maƙerin zarto, bai tashi ba sai 1902.

Labari na biyu kuwa gaskiyarsa ta fi abin da aka faɗa wa ɗanka muni. William Burke da William Hare ba kabari suka tone ba, mutane suka kashe. A 1828 sun hallaka mutum 16, yawancinsu talakawa da baƙi da suka sauka a gidan hayar Hare a unguwar West Port. Sai su ba mutum giya ya bugu, su danne shi su toshe masa numfashi don kada a ga rauni a jiki, su kai gawar wa likita Robert Knox mai koyar da ilimin sassan jiki, ya biya su fam 7 zuwa 10. Dalilin wannan kasuwa shi ne makarantun likitanci na buƙatar gawa, doka kuma ba ta ba su sai ƙalilan, galibi ta waɗanda aka rataye. Da asiri ya tonu Hare ya ba da shaida a kan abokinsa ya tsira, Burke aka rataye shi ranar 28 ga Janairu 1829, aka fede gawarsa a gaban ɗalibai, ƙwarangwal ɗinsa yana nan a jami'ar Edinbura har yau. A 1832 aka yi dokar da ta buɗe wa makarantu hanyar samun gawa ta halal a idon hukuma. Masu tonon kabari kuwa an yi su, daban da waɗannan biyun, shi ya sa a Greyfriars za a nuna maka kejin ƙarfe da aka kafa a kan kabari don kada a sace mamaci. Idan jagora ya ce Burke da Hare a ɗakunan ƙarƙashin gada suke ɓoye gawa, ka ɗauke shi a matsayin adon labari, babu shaidar da ta tabbatar.

Dabara ɗaya ga mai son tantancewa: ka saurari bakin jagoran. Mai gaskiya yakan raba "takardun kotu sun nuna" da "ana cewa". Wanda ya haɗe su wuri ɗaya ɗan wasan kwaikwayo ne, ka ji daɗin wasan ka bar tarihin.

Tambaya: Ƙawata ta ce da suka shiga ɗakunan ƙarƙashin gadar ta ji sanyi ya ratsa ta, tsigar jikinta ta tashi, wata mata ma ta faɗi sumammiya. Idan babu komai a wurin, me ya kawo haka? Wata 'yar'uwa daga Maraɗi.

Amsa: Ƙawarki ba ƙarya ta yi ba, ta ji abin da ta ji. Sai dai ki dubi yadda wurin yake. Ɗaki ne na dutse, babu taga, ruwa na ɗiga daga sama, iska na shigowa ta ƙananan kafofi ta bugi wuya ko ƙafa. An cusa mutum ashirin ko fiye a tsaye, an kashe fitila sai kyandir ɗaya, kuma tun a waje an shaida musu cewa a kusurwar hagu ake jin an taɓa mutum. Wanda aka gaya wa haka, ko rigarsa ce ta motsa sai ya ce hannu ne. Suma kuwa sananniyar aba ce ga wanda ya daɗe a tsaye bai motsa ba, ga tsoro, ga yunwa: jini ya taru a ƙafafu, jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa ya ragu, ido ya rufe.

An ma gwada wurin. A 2001 masanin halayyar ɗan'adam Richard Wiseman ya shigar da fiye da mutum 200 ɗakunan, kowa shi kaɗai na ɗan lokaci, ya rubuta abin da ya ji. Rahotannin sun fi taruwa a ɗakunan da dama ake cewa suna da fatalwa, sai dai da aka auna an ga waɗannan ɗakunan sun bambanta da sauran ta wajen girma da tsayin rufi da yanayin haske a bakin ƙofa. Wato jiki yana amsa wa wurin ne. Ga kuma abin da wasu kamfanoni ke yi da gangan: su ɓoye ma'aikacinsu a lungu ya yi tsalle ya fito da ihu a ƙarshen labari. Mai ciwon zuciya, da mai juna biyu, da mai asma, da wanda ƙuntataccen wuri ke tayar wa hankali, su tambaya tun wajen sayen tikiti ko akwai wannan. Wanda ya ji jiri ya durƙusa ko ya zauna nan take, ya gaya wa jagora, kada kunya ta sa ya daure.

Tambaya: Za mu je bikin kammala karatun ƙanena da mahaifiyarmu da yarana biyu. Za mu iya zuwa gaba ɗaya? Kuma yaya batun shiga maƙabartarsu da lokacin salla? Mai karatu daga Kano.

Amsa: Allah ya sanya alheri, ɗan'uwa. Ga Hajiya, matsalar ba fatalwa ba ce, gwiwa ce. Tsohon garin a kan tudu yake, lungunansa gangare ne, an shimfiɗa su da duwatsu masu santsi idan an yi ruwa, ga matakala marasa daidaito. In tana fama da ƙafa, a bar mata zagayen rana a kan Royal Mile. Kowa ya sa takalmi rufaffe mai kama ƙasa, ya riƙe rigar ruwa ko da rani ne, lema ba ta da amfani a iskar garin. Yara kuwa, Mary King's Close ba ya karɓar 'yan ƙasa da shekara 5, kuma ba a ɗaukar hoto a ciki. Yawon dare na wasu kamfanoni na manya ne zalla, amma akwai na rana da aka sassauta saboda iyali. A sayi tikiti ta intanet da wuri, musamman a Agusta lokacin bukukuwan birnin da ƙarshen Oktoba, a kuma isa minti 10 zuwa 15 kafin lokaci, don ayari ba ya jiran kowa kuma da wuya a mayar da kuɗin wanda ya makara.

Lokacin salla yana bin kakar shekara. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, don haka yawon ƙarfe 8 da haskensa za a yi shi a gama kafin magariba. A Disamba kuwa kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. Babban masallacin garin yana Potterrow, 'yar tafiya kaɗan a ƙafa daga Greyfriars.

Hukuncin shiga maƙabarta don nishaɗi, wannan na malamai ne, a tambaye su kafin a tafi. Abin da za mu iya faɗa shi ne wurin ba dandalin wasa ba ne. A wani sashe nasa aka tsare ɗaruruwan fursunonin rikicin addini a 1679, a fili, babu rufi, wata da watanni, da ɗan burodi kaɗan a rana. Sama da 250 daga cikinsu aka loda a jirgin ruwa za a kai su bauta ƙetare, jirgin ya nutse kusa da tsibiran Orkney, kusan 200 suka mutu. Lauyan sarki da ya gurfanar da su, George Mackenzie, shi ma nan aka binne shi a 1691, kuma hubbarensa ne ake jingina wa yawancin labaran fatalwar wurin. Sashen fursunonin a kulle yake, sai da jagora mai mabuɗi. Kada yara su hau kabari ko su taɓa ƙofar hubbaren: a 2003 wasu samari biyu sun fasa shi sun taɓa gawa, kotu ta kama su da laifin keta alfarmar kabari.