Bolt sau amfiya ba shi ne wat ba, yaro

Toh na ga tambayarka. Ka ce ka ɗora mita a motar injin famfo, bolt 230, amfiya 10, ka buga ya ba ka 2300, amma mitar wat ta nuna wajen 1840, wai ina sauran suka shiga ko mitar ce ta lalace. Mitar lafiyarta ƙalau. Ku yaran yanzu da abu ya ƙi daidai da abin da kuka kalla a waya sai ku ce kayan aiki ne ba su da kyau.

Wancan lissafin naka na batir ne, ko hita da dutsen guga, abin da zafi kawai yake yi. Wutar AC juyawa take, sau 50 a sakan ɗaya, wasu ƙasashen kamar Amurka 60. Duk abin da yake da kwayil, mota ko taransifoma ko injin walda, sai ya ja wuta ya haɗa maganaɗisu sannan ya mayar da ita, sbd haka amfiya tana biyo bayan bolt a makare, ba sa kai ƙololuwa tare. Wannan wutar mai kai da komo kamar yaron da aka aika ne ya je ya dawo hannu biyu, bai kawo komai ba amma ya tare hanya. Tana zafafa waya, tana cika janareta, ba ta juya komai. 2300 ɗinka VA ne, wato bolt sau amfiya kawai, ba wat ba (VA dubu shi ne kVA). Ka buga shi da fawa fakto 0.8, wato kason wutar da ke zama aiki na gaske, ga 1840 ɗinka nan. A fes uku, wato wuta mai layi uku, ka ƙara bugawa da 1.732 a lissafin, wannan ba sai na tsaya koya maka ba.

Wallahi tambayar nan ta taso min da wani mutum da har yau in na tuna shi abinci ba ya min daɗi. Mai masana'anta ne, ya kira ni in yi masa wayarin in haɗa fanel, motocin lantarki ne zalla, da na tara abin da ke rubuce a jikin farantin bayanansu kilowat 70 ne. Ya ce wane janareta zai saya? Na zauna na yi masa lissafi a bayan kwalin bireka, yana tsaye a kaina yana kaɗa makullin mota. Na ce Alhaji 70 ɗin nan abin da mota take fitarwa ne a bakin shaf, abin da take sha ya kai 78 tunda akwai asara, in ka raba da 0.8 kana maganar kVA 97, wajen amfiya 140 a bolt 400. Kuma wannan suna cikin gudu kenan, mota in ka tayar da ita kai tsaye tana jan ninki biyar zuwa bakwai kafin ta daidaita. Na ce ka sayi kVA 150 ka huta, babbar kuma a sa mata sitata mai sta-delta, wadda ke rage wutar da take ja wajen tashi.

Ya ce toh. Ashe ya je wajen mai sayarwa an ce masa ai mai wutarka so yake ya ci da kai, 80 ba ta fi 70 ba? Sai ganin kVA 80 na yi an sauke da kuran, injin ɗaga kaya. Kai ko farantin bai karanta ba, a jiki an rubuta 0.8, wato kilowat 64, amfiya 115 ita ce iyakarsa. Na faɗa masa a gaban ma'aikatansa cewa wannan ba zai ɗauka ba, ya ce ni dai in haɗa, kuɗinsa ne ba nawa ba. Na haɗa. Duk sanda aka tayar da babbar motar sai janareta ya yi gurnani ya tofar da baƙin hayaƙi, fitilu su yi ja, kontakto, makunnan motocin, su rinƙa kaf-kaf-kaf kamar za su ɓalle, bireka ta faɗi. Da faɗuwar ta ishe shi, bayan idona ya samo wani yaro irinku ya cire birekar ya sa babba. Ba a daɗe ba altaneta, ɓangaren janareta mai haɗa wuta, ta ƙone, da na je warin banish tun daga bakin ƙofa, kwayil ya yi baƙi ƙirin, kana taɓawa yana marmashewa.

Ka san me ya ce? Wai wayarin ɗina ne ya yi shot. Ya riƙe min cikon kuɗina, ga kebul ɗin bashi na ɗauko da sunana, sai da na daɗe ina biya daga aljihuna. Ya bi gari yana ɓata ni, aiki biyu manya suka kuɓuce min. Abin da ya fi ƙona min rai, daga baya ya ɗauko wani injiniya mai jaka da kwamfuta, ya biya shi kuɗi masu kauri, mutumin ya faɗa masa daidai abin da na rubuta a bayan kwali. Ya sayi 150 ɗin. Ko a kira ni a ce yi haƙuri. Na bar shi da Allah amma ban yafe ba.

Kar kuma ka ɗauka 0.8 ɗin nan a tsaye take. Mota in tana gudu ba lodi tana iya saukowa 0.2 ko 0.3, shi ya sa na tsani masu sa ƙatuwar mota a ƙaramin aiki wai don ta yi ƙarko. Gyaran shi ne kafasita, ita tata amfiyar gaba take yi, sai ta cinye ta kwayil. Lodi mai kilowat 80 da kVAR 60, wato ma'aunin wutar nan mai kai da komo, kVA 100 ne, ba 140 ba, don ba tarawa ake kai tsaye ba, ka rage 60 ɗin ka ga amfiya ta sauka alhali aikin bai ragu ba. Amma kar ka je ka jibga kafasita a kan janareta mai ƙaramin lodi, bolt zai hau, AVR, na'urar da ke daidaita bolt ɗin janareta, ta rikice. Kuma in ka kashe wuta kar ka kai hannu sai ta sauke cajinta ka gwada da mita, tana riƙe wuta.

Gobe ka auna famfon nan yana jan ruwa, ka rubuta bolt da amfiya da wat a takarda, ka fitar min da fawa fakto da kanka. A takarda na ce, ba hoton mita za ka turo min ba.