Ƙanwata, kada 06 ɗin nan ta raba ki da karatun shari'a

Salamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanwata ta Tawa, sannu, Allah ya sanyaya miki zuciya. Na ga tambayarki na kasa wucewa. Kin ce kina shekara ta biyu ta lisansi, kin haddace kur ɗin obligasiyon, wato darasin dokar kwangila da alhakin ɓarna, kaf har kina iya karanto shi ido rufe, aka liƙa sakamako kika tarar da 06 bisa 20, yanzu kina tambaya ko kanki ne ba ya ja, ko ki bar shari'a ki koma wani fanni tun da sauran rana. Kanki lafiya lau yake. Wanda ya iya haddace tulin shafukan nan da Faransanci ba daƙiƙi ba ne. Abin da aka yi miki shi aka yi mana: hadda aka koya miki, aka zo aka jarraba ki a kan aikin da ba a taɓa nuna miki ba.

Ni 04 na samu, kuma a wannan darasin dai.

Malamin namu, ba zan kama sunansa ba, ba zan faɗi makarantar ba, yana nan da ransa. Bai leƙo mu ba sai da samastar ta kusa ƙarewa. Da ya zo sai ya tattara kur ɗin gaba ɗaya ya ɗura mana cikin ƴan makonni, safe da yamma, har Lahadi. Zai zauna ya buɗe takardarsa da ta yi ja don tsufa, yana shifta muna rubutu, har waƙafi da aya sai ya faɗa. In ka ɗaga hannu ya ce ba lokaci. Mu na bayan amfi, babban ɗakin lacca, ba ma jin sa sosai, lasifika na shaƙewa, sai da dare mu bi na gaba mu ari kaye mu cike gurbi. TD kuwa, wato zaman gwajin aiki a ƙananan rukunoni, yana nan a jadawali, amma ba mu taɓa ganin fuskar mai yin sa ba. Ranar jarrabawa aka miƙo mana takarda, ɗan labari ne gajere: wane ya yi wa wane kaza, ku ba shi shawara. Na zazzage duk abin da ke kaina, na cika takardar da aka ba ni na karɓi ƙari, na fito ina murna.

Da maki ya fito na rubuta takardar koke. Na yi ta zarya a ƙofar ofishinsa, yau a ce ya yi tafiya, gobe a ce yana taro. Ranar da na same shi akwai ƴan mastar zaune a ciki, maza da mata. Ya zaro takardata ya riƙe ta da yatsu biyu ta kusurwa, bai karanta ba, ya juya ta gaba da baya. Ƙanwata, babu gyara ko ɗaya a jikinta, babu ko layin jan bik, sai 04 a sama da ya kewaye. Ya tambaye ni sana'ar babana. Na ce noma. Ya ce to damina ta kusa, in je in taya shi, shari'a ba ta aku ba ce. Suka yi dariya. Ban ga laifinsu ba, makinsu na hannunsa. Na haɗiye, na ce ranka ya daɗe, a nuna mini inda na kauce in gyara. Ya ce in ban gano da kaina ba, ba shi zai gano mini ba. Ya mayar da takardar cikin durowa ya ci gaba da hirarsa, ina tsaye.

Darasin nan ya ci mini shekara, kuɗin tallafin karatu ya tsaya. Tsohona ya sayar da ragon da yake kiwo don layya ya aiko mini, kuma bai taɓa tambayata abin da ya faru ba, wannan shirun nasa ya fi zagin malamin yi mini ciwo. In na hango ƴan ajinmu da suka wuce sai in canza hanya. Abin da ya fi ba ni haushi kuma, mutumin ya san aikin, ya san shi sarai! Bayan shekaru na ji shi a wani taro nan Yamai, bakinsa zuma, yana kukan wai ɗaliban yanzu ba su iya tunani ba, hadda kawai suka sani. To wa ya koya musu haddar? Ina zaune a baya, sai da na riƙe kujera don kada in miƙe. Muka gaisa a waje, bai ma gane ni ba. Ko na yafe ko ban yafe ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne.

Bari in bar shi haka, ba don shi kika yi tambaya ba.

Wanda ya buɗe mini ido wani yayanmu ne da ke gaba da mu, a teburin mai shayi, da bik da bayan wata tsohuwar fotokopi. Ya ce mai gyara ba kur ɗinsa yake nema ba, yana da shi a gida. So yake ya ga an ɗauki doka an ɗora ta a kan mutanen da ke cikin labarin. Ga irin misalin da ya ba ni. Wani ya haƙa rami jikin katangar maƙwabcinsa yana ɗibar ƙasa, aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, katanga ta faɗi ta kashe awaki. Ki fara tace labarin, ki zubar da surutun da aka cusa don a ruɗe ki. Sai ki fitar da tambaya guda: mai ramin zai biya ko ba zai biya ba? Sai doka, aya ta 1382 ta Kod sibil, kundin dokokin hulɗar jama'a, wadda ta ɗora wa duk wanda ya jawo wa wani ɓarna da laifinsa nauyin biya, da sharuɗɗanta uku: laifi, ɓarna, da abin da ya haɗa laifin da ɓarnar. A nan mafi yawanmu muke shimfiɗa tabarma, mu zuba shafi uku a kan ma'anar laifi da tarihinsa, alhali makin yana gaba. Haƙa rami jikin katangar wani ana tsakiyar damina laifi ne? Don me? Ramin ne ya kayar da katangar ko ruwa? In mai ramin ya ce ruwa daga Allah ne, ba wanda ya isa ya tare shi, hujjarsa za ta tsaya? Ruwan Agusta a ƙasar nan abu ne da ba a zata ba? Ki amsa su ɗaya bayan ɗaya, ki yanke. Mai gyara na kirki, ko bai yarda da inda kika sauka ba, zai ba ki makin hanyar da kika biyo. Shafi ɗaya da rabi ya isa.

Af, ki yi hankali da amsoshin da kuke kwasowa a intanet. Yawancinsu na ɗaliban Faransa ne, kuma Faransa ta sake lambobin ayoyinta a 2016, 1382 ta koma 1240 a can. Mu nan 1382 muke kira. Na ga yaron da ya zo neman sanin aiki a ofishin lauyan da nake, ya rubuta 1240 a cikin takardar da za ta je kotu, Allah ya sa maigida ya duba kafin ta fita. Haka in kin kai dokar kasuwanci da kamfanoni, dokokin OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ne ke aiki, yarjejeniyar 1993 da ta haɗa ƙasashe 17, babbar kotunta tana Abijan. Su ma tsofaffin fotokopin da yayyenku ke bar muku gado ki duba shekararsu, wanda aka rubuta a kan tsarin mulkin 2010 ai kin san an dakatar da shi tun 2023.

Ki nemi takardar ƙa'idojin jarrabawa ta makarantarku ki karanta da idonki, kada ki dogara da an ce. Kowace samastar kiredi 30 ce, wato ma'aunin nauyin darussa, lisansi 180. Ki san nawa darasin nan yake ɗauke da shi, ko makin wani darasi na rukuninsa zai iya ɗaga shi, nawa ne kason TD nawa ne na jarrabawar ƙarshe, kwana nawa ake bayarwa na koke. Tsarin LMD da aka kawo mana, wato lisansi, mastar, doktora, a takarda so yake malami ya faɗa tun ranar farko abin da ɗalibi zai iya yi in ya gama darasin, da yadda za a auna shi. Ku sa wakilin ajinku ya nema, cikin ladabi. In kuma za ki je ganin takardarki, ki tafi da ƙawa, ko ku je ku uku, kada ki shiga ke kaɗai. Ban ce komai ba, amma ki ji maganata. Kuma kada ki ɗauka duk malamai ɗaya ne. Akwai waɗanda ke gyara takardun ɗaruruwan ɗalibai su kaɗai, kuma in kin tare su da tambaya a bakin mota za su tsaya su amsa. Irin waɗannan ki manne musu.

In kuna da TD kada ki taɓa fashi, ko da mai yin sa bai fi ki da shekara biyar ba. A nan ne kawai wani zai karanta rubutunki ya ja layi. In babu, ku haɗa kanku ku huɗu ko biyar, kowa ya warware tambaya ɗaya a cikin lokacin da ake bayarwa a jarrabawa, da agogo, ku yi musanyar takardu ku caccaki juna. Ba taron karanta kur da babbar murya nake nufi ba, wannan kin riga kin ƙware. Sharhin hukuncin kotu ma haka yake, kafin ki fara neman kashi biyun nan da ake so a raba amsa, kowane da rassa biyu, ki iya faɗa da Hausa wa ya kai wa ƙara, me kotun farko ta ce, me kowa ke nema, me aka yanke. In ba ki iya gaya wa innarki ba, ba ki gane hukuncin ba tukuna.

Sannan ki je kotu. Wallahi ki je. Zaman kotu a buɗe yake ga kowa sai in alƙali ya ce a rufe, kuma kuna da babbar kotu a Tawa. Ki zauna a benci na baya da kayenki. Za ki ga tsoho ya yi bayanin iyakar gonarsa tun daga kakansa, da gawo da tsohuwar rijiya, tafinta ya dunƙule shi cikin jimla biyu, alƙali ya jefo tambaya ɗaya da ta kwance maganar duka. Tambayar nan ita ce abin da ake nema a takardarki. Za ki ga kuma masu ba alƙali shawara kan al'ada, don dokar tsarin kotuna, ta 2004 da ta 2018 da ta gaje ta, ta bar aure da saki da gado da gonakin da ba su da takarda a hannun al'adar masu shari'ar. Wannan ma wani abin takaici ne. Mun haddace hukuncin Blanco na 1873, na wata kotun Faransa, mun san yarinyar da keken masana'antar taba ya buge a Bordo kamar ƴar unguwarmu, amma ba wanda ya taɓa ɗora mana hukuncin wata kotu ta ƙasar nan a kan tebur. Shari'ar Hadijatou Mani, wadda ta faro daga Ƙonni, cikin jiharku, har kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yanke a 2008 cewa ƙasa ta gaza kare ta daga bauta, ta ce a biya ta sefa miliyan 10, ni sai bayan na fara aiki na karanta ta. Al'ada da doka da yarjejeniyoyin duniya duk sun haɗu a cikinta, darasin samastar guda ne. Su kuwa mutanen da ke shigowa ofishinmu, rigimar gado ce da fili da bashi, ba wanda ya taɓa tambayata ma'anar kwangila, cewa suke yi malam, za ni ci ko ba za ni ci ba?

Maganar canza fanni, in zuciyarki ba ta son shari'a tun asali wannan dabam, ki yi istihara ki yi shawara da iyayenki. Amma in don 06 ce kawai, ki dakata sai bayan zagaye na biyu na jarrabawar, na waɗanda ba su ci ba. Ko alƙalanci kike so ko lauyanci, irin wannan aikin za ki sake tararwa a ƙofa, gara ki koye shi yanzu.

Yaushe ne zagayen naku? Kuma wane ɓangare ya fito, kwangila ko alhakin ɓarna? Ki faɗa mini a nan. Ina da tsofaffin tambayoyi a akwati, zan ɗauki hotonsu in sa a zaure kowa ya amfana. Ki zaɓi ɗaya ki warware da hannu, ki ɗauki hoto ki turo, zan ja miki layi da jan bik, sai dai ki yi mini haƙuri zuwa Asabar, makon nan muna da zama a kotu.