Littafin saurare ya ƙi tashi a rediyo mai kati: yaya ake mayar da shi MP3?

Tambaya: Malam, an turo mini littafin saurare na awa goma, sunan fayil ɗin ya ƙare da .m4b. A waya yana tashi lafiya lau, amma da na zuba shi a katin memori na sa a ƙaramar rediyo, ko ganinsa ba ta yi ba. Na canja ƙarshen sunan zuwa .mp3, shiru kake ji.

Amsa: Canja suna ba ya canja abin da ke ciki. Muryar da ke cikin M4B an matse ta ne da tsarin AAC, yawancin ƙananan rediyoyin nan kuwa MP3 suka sani. Dole a sake matse muryar.

Kafin ka wahalar da kanka, duba asalin fayil ɗin. In daga Audible ya fito, wato kamfanin sayar da littattafan saurare, mai ƙarewa da .aa ko .aax, a kulle yake, sai manhajarsu ko na'urar da suka amince da ita. M4B marar kulli ba shi da wannan matsala.

A kwamfuta, ɗauko fre:ac, manhajar juya fayil ɗin sauti, kyauta ce. Ja fayil ɗin ka jefa ciki, za ta jero maka babi-babi in littafin yana da su. Zaɓi LAME MP3, wato abin da zai matse muryar zuwa MP3, ka sa ma'aunin matsi a 64 kbps, layin murya ɗaya wato mono, a kan 44,100 Hz. Ka zaɓi CBR, ma'aunin da ba ya canjawa, kada ka taɓa VBR mai hawa da sauka, domin shi ne ke sa wasu na'urori nuna tsawon lokaci na ƙarya, ko su tsallake in ka matsa gaba. A wannan ma'auni kowace awa tana cin kusan MB 29, littafinka duka bai kai MB 300 ba. Ɗaga ma'aunin zuwa 320 kbps ɓarnar kati ce kawai, ba zai ƙara wa muryar kyau ba.

Wanda ya saba da FFmpeg, manhajar da ake rubuta wa umarni a kwamfuta, layi ɗaya ya ishe shi:

ffmpeg -i littafi.m4b -vn -c:a libmp3lame -b:a 64k -ac 1 -ar 44100 -f segment -segment_time 1200 babi_%02d.mp3

Wannan zai yanka shi minti ashirin-ashirin, gida talatin ke nan. Yankawar ta fi komai muhimmanci. Da M4B manhajar waya takan tuna maka inda ka tsaya, rediyo kuwa in batir ya mutu kana cikin awa ta bakwai, wata sai ta mayar da kai farko, ka zauna danne da maɓalli har yatsa ya gaji.

Sauran matsalar a kati take. Sa lambobi 01, 02, 03, in ba haka ba babi na 10 zai riga na 2 fitowa. Wasu na'urorin ma ba ruwansu da suna, wanda ya fara shiga kati shi suke fara karantawa, don haka share katin ka kwafa su bi da bi. Guji ƙ, ɗ da ɓ a sunan fayil, allon rediyo yakan mayar da su shirme. Katin kuma kada ya wuce GB 32, kuma a yi masa fomat a tsarin FAT32. Masu GB 64 da tsarin exFAT suke zuwa, wanda tsofaffin na'urori ba sa karantawa.

Ajiye M4B ɗin asali. In za ka sake wani juyi, daga shi za ka yi, domin kowane matsi yana rage ingancin murya.