"Oga ta ce in sa hannu kawai": amsa ga mai gyaran magana da ke shekarar horo a Amurka

Wata 'yar'uwa ce ta turo min dogon saƙo daga Amurka, na taƙaita shi saboda ya kai shafi uku. Ta gama digiri na biyu a fannin gyaran magana, wato masu taimakon yara masu in'ina da waɗanda bakinsu ya yi jinkirin buɗewa da manya da shanyewar ɓarin jiki ya taɓa musu magana ko haɗiya. Ta ci jarrabawar Praxis ta shiga sana'ar, yanzu tana wata na biyar a shekarar horon da suke kira CF a wani kilinik mai zaman kansa. Damuwarta uku ce. Matar da ke da kilinik ɗin ta sa ta tana ganin wasu yara ta bidiyo alhali yaran suna wata jiha daban, sannan duk ranar da mai gwajin ji bai zo ba sai a ce ta shiga ta yi gwajin ta gaya wa iyaye irin na'urar ƙara ji da za su saya, sai na ƙarshen wanda shi ne ya hana ta barci, an ba ta takardun wasu yara da ba su zo ba an ce ta rubuta kamar an yi zaman ta sa hannu don a karɓi kuɗin Medicaid, wato inshorar lafiyar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi. Ta ce tana tsoro in ta ƙi oga za ta ƙi sa mata hannu a takardar kammala horo, ga biza kuma.

Toh ƙanwata, bari in fara da abin da na ga kin haɗa a saƙonki kamar abu ɗaya ne, don mutane da yawa a nan suke ruɗewa. Satifiket ɗin ASHA daban, lasisin jiha daban. ASHA ƙungiyar masu sana'ar gyaran magana da gwajin ji ce ta Amurka, tun 1925 take, ita ke ba da satifiket ɗin ƙwarewa, wato CCC ɗin nan da kowa ke liƙawa a bayan sunansa, kuma tana da nauyi sosai wajen neman aiki, amma ba hukumar gwamnati ba ce. Mai ba ki izinin taɓa mara lafiya a doka ita ce hukumar lasisi ta jihar, kuma kowace jiha da tata dokar. Mafi yawansu suna ba 'yan CF lasisin wucin gadi mai sharaɗi, a Kalifoniya ma sunansa daban, RPE suke cewa. Wannan ɗan lasisin na hannunki a ƙarƙashin kulawa yake aiki kuma a cikin iyakar jihar da ta bayar, daga kin tsallaka iyaka ya zama takarda kawai.

Kinga shi ya kawo mu maganar bidiyo. Ke kina zaune a ofis ba ki je ko'ina ba, shi ya sa abin bai yi miki kama da tsallaka iyaka ba, amma ƙa'idar da ake bi ita ce aikin yana faruwa ne a inda mara lafiya yake zaune a lokacin da ake zaman. Yaro na jihar maƙwabta, ke ba ki da lasisin can, toh a idon hukumar can kina aiki babu lasisi ne, kuma a jihohi da dama wannan laifi ne da ake iya kai mutum kotu a kansa, bayan tarar hukuma. Na san oga za ta ce ai akwai yarjejeniyar ASLP-IC, eh akwai, jihohi sama da 30 sun sa hannu a kai don masu gyaran magana da masu gwajin ji su riƙa aiki a jihohin juna, sai dai ba a shiga haka nan, sai mutum yana da cikakken lasisi mara tabo a jiharsa, ya nema an ba shi izinin. Mai gyaran magana da bai gama horon bayan digiri ba bai cika sharaɗin ba tukuna. Ke dai a yanzu wannan ƙofar ba taki ba ce.

Gwajin ji kuma ba zan daɗe a kai ba don a fili yake. An yarda mai gyaran magana ya yi ɗan gwajin tantancewa, wanda sakamakonsa biyu ne kawai, ya wuce ko a tura shi gaba. Auna girman matsalar da gano irinta da zaɓar wa yaro na'ura aikin mai gwajin ji ne, mutumin da ya yi digirin dakta na gwajin ji da ake kira AuD, kuma tun 2012 ASHA ba ta ba sabon mai nema satifiket a wannan fannin sai da digirin dakta. In an kawo miki maganar cewa ai yanzu ana sayar da na'urar ji a kanti ba takardar likita, gaskiya ne hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta buɗe hakan daga Oktoban 2022, amma na 'yan shekara 18 zuwa sama ne masu matsala ƙarama zuwa matsakaiciya. Yara ba sa ciki. Ki daina shiga ɗakin nan daga gobe.

Yanzu babbar. Wallahi da na karanta wannan sashen sai da na ajiye waya na ɗan yi shiru, saboda na ga yadda kika rubuta shi kamar ƙaramin abu ne a ƙarshen saƙo, "wasu takardu ne kawai". Rubuta zaman da ba a yi ba a karɓi kuɗin Medicaid a kai zamba ce ga gwamnati, Medicaid kuɗin tarayya ne da na jiha a haɗe, don haka ɓangarori biyu ne za su iya biyo ki. Akwai dokar False Claims Act, tsohuwar doka ce tun 1863 lokacin yaƙin basasar Amurka da 'yan kwangila suke damfarar sojoji, har yau da ita ake kama masu irin wannan a harkar lafiya. Ana biyan ninki uku na abin da gwamnati ta yi asara, a ƙara tara a kan kowace takardar neman kuɗi ɗaya ɗaya, wato in takardu arba'in ne sau arba'in za a ci tarar. Kuma dokar ba ta tsaya kan wanda ya tura takardar ba, ta haɗa da wanda ya rubuta bayanin ƙarya da aka dogara da shi. Wannan ɓangaren biyan kuɗi ne kaɗai, akwai kuma dokokin zambar harkar lafiya da ke kai mutum gidan yari, akwai cire suna daga aiki da Medicare, wato inshorar gwamnati ta tsofaffi, da Medicaid gaba ɗaya, wanda ga mai irin sana'arki kusan daidai yake da rufe ƙofar yawancin asibitoci.

Abin da nake so ya zauna miki shi ne, ranar da mai bincike zai zo zai buɗe fayil ne ya duba sunan wa ke ƙasan takardar. "Oga ce ta sa ni" yana iya rage miki zafi wajen hukunci, amma ba ya wanke ki, kuma a irin waɗannan shari'o'in abu ne da aka saba gani mai kamfani ya ɗauko lauyansa ya ce shi ya dogara ne da abin da ma'aikata suka rubuta. Lauyan kilinik lauyan kilinik ne, ko ya yi miki murmushi ya ce mu duka ɗaya ne, ba ke yake karewa ba.

Ta ɓangaren ɗa'ar aiki ma ba ki tsira ba don kina CF. Kundin ɗa'a na ASHA ya hau kan wanda ya nemi satifiket kamar yadda ya hau kan wanda ya samu, kuma ya hana karɓar kuɗi a kan aikin da ba a yi ba, ya hana yin abin da ya wuce iyakar ƙwarewarka, ya hana nuna kanka da matsayin da ba ka kai ba. Dan Allah a nan ki duba yadda kilinik ya rubuta sunanki a shafinsa da katinki, in sun sa miki CCC tun yanzu ki ce a cire. Kwamitin ɗa'ar ASHA yana iya yin gargaɗi a ɓoye, ko tsawatarwa a bainar jama'a, ko dakatarwa, ko ƙwace satifiket. Hukuncin hukumar jiha kuma yana shiga rumbun bayanai na ƙasa da ake kira NPDB, wanda asibitoci da hukumomin lasisi ke dubawa, kenan ko kin koma wata jiha yana nan yana jiranki. Ita kanta oga in tana da CCC kundin ya hana ta tilasta wa na ƙasa da ita yin abin da ya saɓa wa ƙa'ida, laifinta ya fi naki girma a can.

Toh me za ki yi. In ba ki sa hannu ba tukuna, alhamdulillahi, kar ki sa, kuma ƙin naki ya zama a rubuce. Imel gajere mai ladabi ya isa, ki ce ba za ki iya rubuta bayanin zaman da bai gudana ba, kuma kina neman a tabbatar miki ko lasisinki ya ba ki damar ganin yaran waccan jihar kafin ki ci gaba. Kar ki yi zargi, kar ki rubuta kalmar zamba, ki bar takardar ta yi magana da kanta. Ki samu littafi naki na kanki kina rubuta rana da lokaci da abin da aka ce miki da wanda yake wurin. Amma ki kiyaye abu biyu, kar ki kwashi fayil ɗin yara ki tura imel ɗinki na gida ko ki ɗauke su hoto a waya, dokar HIPAA ta 1996 mai kare sirrin bayanan marasa lafiya tana nan, duk da ta bar ƙofa ga ma'aikacin da ke tona asiri ya nuna bayani ga hukumar sa ido ko lauyan da ya ɗauka, hanyar da za ki bi ki yi hakan lauyan ne zai tsara miki. Kuma kar ki yi rikodin ɗin oga a ɓoye sai kin san dokar jiharki, wasu jihohin irin Kalifoniya sai kowa ya yarda.

In kuma kin riga kin sa hannu a wasu, don yadda kika rubuta bai fito min sarai ba, toh kar ki koma ki goge ko ki gyara komai a kwamfuta, na'urar tana ajiye tarihin duk wanda ya taɓa fayil da lokacin da ya taɓa, kuma gyara bayan an gama ya fi ainihin laifin muni a idon mai bincike. Ki tsaya cak, ki ga lauya kafin ki yi magana da kowa, har da hukumar lasisi.

Maganar sa hannun kammala horo da kike tsoro, ina ganin kin ba oga ƙarfin da ba ta da shi. ASHA tana neman sati 36 da awa 1,260 a ƙalla, kuma ta ba ki har wata 48 daga ranar da kika fara ki kammala, ba dole a wuri ɗaya ba, ba dole da mai kulawa ɗaya ba. Mutane suna canja wuri a tsakiya su ci gaba. Abin da za ki yi tun yanzu, kafin zance ya yi tsami, ki nemi mai kula da ke ta cike takardar tantancewa ta zangon da kika gama, don horon zango uku ake raba shi, ki ajiye kwafi tare da takardun albashi da jadawalin aiki masu nuna awanninki. Ki kuma duba wani abu, a kowane zango cikin ukun dole mai kulawa ta yi awa 6 tana kallon aikinki kai tsaye da wasu awa 6 na bibiya, in ba a yi miki wannan ba akwai yiwuwar a ƙi ƙirga watannin ko da kin zauna lafiya da kowa. Wajen da ke ƙirƙirar zaman da ba a yi ba, ni dai ba zan yi mamaki ba in awannin kulawar ma a takarda kawai suke. Canjin mai kulawa kuma sai kin sanar da hukumar jiha, don a wurare da yawa lasisin wucin gadin a ɗaure yake da sunanta.

Za ta iya korarki? Gaskiya eh, kusan duk jihohin Amurka ban da Montana mai aiki yana iya sallamar ma'aikaci ba tare da ba da dalili ba. Sai dai kora saboda kin ƙi shiga zambar kuɗin gwamnati ko kin yi ƙoƙarin hanawa ramuwar gayya ce da False Claims Act ta haramta, kotu na iya cewa a mayar da ke aiki a biya ki ninki biyu na albashin da kika rasa. Amfanin imel ɗin nan kenan, shi ne zai nuna kin ƙi kafin a kore ki. Dokar ta kuma ba mutum damar shigar da ƙara a madadin gwamnati a asirce, in an ci a ba shi kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na abin da aka ƙwato. Ba na tura ki can da gudu, shari'a ce mai cin shekaru kuma tana gajiyar da mutum, na faɗa ne don ki san tana nan, kuma don kar ki je kina ba da labarin a guruf ɗin WhatsApp, wanda ya riga shigarwa shi ke da ƙarar.

Biza ba ki faɗa min wacce ba. In OPT ce, wato izinin aiki na masu bizar ɗalibai, kwana 90 kike da su jimilla na zama babu aiki, in H-1B ce ta ma'aikata har zuwa kwana 60 bayan aiki ya ƙare. Don haka kar ki yi fushi ki ajiye aiki ranar Litinin, ki fara neman wani wurin a hankali kina nan, kuma ki sani hukuncin zamba a kotu ya fi rasa aiki illa ga zamanki a ƙasar nesa ba kusa ba.

Lauyoyi biyu kike buƙata kuma da wuya mutum ɗaya ya iya duka, mai kare lasisin ma'aikatan lafiya a jiharki da kuma na shige da fice. Ni abin da na gaya miki hoton gaba ɗaya ne, dokar jiharki ita za ta yanke ƙananan bayanan. In kina da inshorar kare kai ta sana'a da sunanki ki buɗe takardar yau ki duba, da yawansu suna biyan kuɗin lauya in maganar hukumar lasisi ce, kuma suna so a sanar da su da wuri. Ranar da za ki je ki tafi da kwantiragin aikinki, lasisin wucin gadin, littafin da kike rubutu a ciki, da kwafin imel ɗin da kika tura wa oga.